Gundumar da ta kori baƙaƙen fatarta a 1912

1/ Jama'a, ina cikin haɗa aikin da malaminmu na tarihi ya ba mu na ci karo da labarin Forsyth, wata gunduma a jihar Jojiya ta Amurka. Da na ɗauka garin da duk farar fata ne, haka ya tashi tun asali. Ashe wani wurin kora aka yi. Ku biyo ni.

2/ Ƙidayar 1910 ta nuna baƙaƙen fata 1,098 ne a gundumar. Suna da coci-cocinsu, wasunsu da gonakin kansu.

3/ A Satumbar 1912 aka tsinci Mae Crow, farar fata 'yar shekara 18, a daji an yi mata mummunan duka. Daga baya ta rasu. Aka kama wasu samari baƙaƙe. Gungun mutane suka fasa kurkukun garin Cumming, suka kashe ɗayansu, Rob Edwards, suka rataye gawarsa a tsakiyar gari. Ko gaban alƙali bai je ba.

4/ Wasu biyu, Ernest Knox mai shekara 16 da Oscar Daniel, a rana ɗaya aka gama shari'arsu, masu yanke hukuncin duk farare. A Oktoba aka rataye su, dubban mutane na kallo.

5/ Abin bai tsaya nan ba. Cikin dare mahaya dawakai suka riƙa ƙona coci-coci, suna harbin gidaje, suna cewa kowa ya tashi ko ya mutu. Cikin 'yan watanni kusan kowa ya gudu.

6/ Nan ne wallahi abin ya fi ci min rai: gonakin. Wasu sun sayar a wulaƙance, wasu ko sayarwa ba su samu yi ba. Maƙwabta suka shiga suna nomawa, suna biyan haraji, har doka ta mallaka musu.

7/ Shekara 75 ana haka. A Janairun 1987 Hosea Williams, abokin gwagwarmayar Martin Luther King, ya jagoranci tattaki a can. 'Yan Ku Klux Klan da magoya bayansu suka tare su da duwatsu da kwalabe. Bayan mako ɗaya mutum kusan 20,000 suka dawo.

8/ Yau Forsyth na cikin gundumomi mafi arziki a Jojiya, filayenta sun yi tsada sosai. Jikokin waɗanda aka kora kuwa, gadonsu na hannun wasu. Shi ya sa yanzu in aka ce min wuri "ba baƙi a cikinsa", tambayata ita ce: tun yaushe, kuma ina suka tafi?