Daga Tashar Gagarawa Zuwa Asibitin Mishan

Manyan asibitocin mishan na ƙasar Hausa duk nesa suke da Gumel. Na ido yana Kano, na Wusasa yana Zariya, Galmi da Danja kuma suna cikin Nijar. Duk da haka, wanda ya tashi a ƙasar Lautai, wato Gumel, da wuya ya rasa wani a danginsa da ya taɓa kwana a ɗayansu. Abin da ya sauƙaƙa wannan tafiya shi ne layin dogon Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930. Don gyaɗa Turawa suka shimfiɗa shi, amma jirgin da ke kwasar buhuna a Gagarawa shi ne ya riƙa ɗaukar makafi da masu gyambo, kowa da ɗan rakiyarsa da ƙullin garin ƙwaki ko na fura.

Kafin a kai ga haka an daɗe ana tirka-tirka. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Ikko da niyyar shigowa ƙasar Sudan, kamar yadda Turawa ke kiran yankinmu a lokacin. Shekara ba ta zagayo da kyau ba biyu suka mutu, Bingham kaɗai ya koma gida, kuma daga hannunsa ƙungiyar mishan ta SIM ta kafu. A 1900 wata tawaga ta cocin Ingila ƙarƙashin Bishof Tugwell ta isa Kano, cikinsu har da likita Walter Miller. Sarki Alu ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. Da Lugga ya ci Sakkwato a 1903 ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addini ba, kuma razdan-razdan suka riƙe wannan alkawari gam, ba lalle don ƙaunar Musulunci ba, sai don ba sa son abin da zai tayar musu da ƙura a ƙasar da suke mulki da 'yan tsirarun ma'aikata. Kusan shekara talatin 'yan mishan suna zagaye masarautu suna leƙe. Miller ne kawai ya sami gindin zama a birnin Zariya, shi ma daga baya aka fitar da aikinsa zuwa Wusasa.

Kuturta ce ta buɗe musu ƙofa. Mutanen yanzu ba su san yadda cutar nan ta yi yawa a Arewa ba. Kowane babban gari yana da unguwar kutare da sarkin kutarensa, kuma mu Hausawa ba mu kore su daji yadda wasu ƙasashe suka yi ba, suna aure, suna cin kasuwa, suna bara ranar Juma'a. Gwamnatin mulkin mallaka tana so a ce tana yin wani abu, amma ba ta da likitocin da za su yarda su zauna a ƙauye suna wanke miki shekara da shekaru. En'e tana da fili da ɗan kuɗi, ba ta da ma'aikata. 'Yan mishan kuwa suna da mutanen da za su yi aikin a kan albashin da bai taka kara ya karya ba, abin da suka rasa shi ne izinin shiga. A wajen 1937 aka daidaita: SIM ta karɓi ragamar sansanonin kutare na Yadakunya a Kano, wanda Kanawa ke kira asibitin Bela, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne da Sarki Dikko da Sarkin Musulmi Hassan. Sarakunan nan sun san ruwa ba ya tsami banza, sun san abin da baƙin ke nema, sai dai sun auna suka ga talakawansu na bukatar magani. Daga nan ƙananan tashoshi suka bazu, har aka sami na Roni a ƙasar Kazaure da na Malam Madori a ƙasar Haɗeja, nan kusa da mu a kan layin dogo.

Maganin farko bai da daɗi. Mai ne da ake tatsa daga 'ya'yan wata bishiya ta ƙasar Indiya, a ɗura shi cikin fata da allura, wuri ya kumbura ya yi zafi, a sake dawowa mako mai zuwa, kuma amfaninsa kaɗan ne. Majiyyaci yakan shekara uku, huɗu, ko fiye a sansani, yana noma gonar da aka yanka masa, 'ya'yansa suna zuwa makarantar mishan. A nan ne rigima ta fi tsanani. Babban mutum ya san abin da yake ciki, zai saurari wa'azi ya tashi ya yi alwala. Yaron da aka raba da iyayensa don kada ya kamu, ya girma a hannun wata baturiya, wannan wata magana ce daban, kuma sarakuna da malamai sun yi ta kai ƙara a kanta. Ina ganin suna da gaskiya. Wanda ciwo ya kayar ba shi da bakin cewa a'a, balle ɗansa.

Amma akwai abin da ba na so a manta. Turawan da suka zo a wancan zamani ba yawon buɗe ido suka zo ba. Sai sun zauna sun koyi Hausa sun ci jarrabawa kafin a sake su su yi aiki, kuma da yawansu sun binne 'ya'yansu a ƙasar nan. Likita Douglas Hursh ya buɗe asibitin ido na Kano a 1943. Likita Burt Long ya buɗe na Galmi a 1950, a garin da aka fi sani da albasa. Dukansu shekaru suka kwashe, ba makonni ba.

Kawuna, yayan mahaifiyata, manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Sule Tankarkar. Yanar ido ta rufe masa ido biyu har sai an ja masa sanda zuwa masallaci. Akwai masu maganin gargajiya da ke bin kasuwanni suna tura yanar cikin ido da tsinke, ya ƙi su, don ya ga wanda aka yi wa ya gani wata biyu sannan idon ya mutu gaba ɗaya. Ranar da za a kai shi Gagarawa ya hau jirgi zuwa asibitin ido na Kano, mahaifiyata ta bi shi har zaure.

"Yaya, an ce sai sun yi maka wa'azi kafin su taɓa ka."

"To, su yi mana. Kunne zan ba su, ido zan karɓo."

Ya ba mu labarin yadda da safe wani malami ɗan ƙasa ke tsayawa gaban masu jiran layi ya yi karatu da Hausa tsantsa, sannan a fara kiran kati. Bayan aiki an kwantar da shi kwanaki ba ya juya kai, don a lokacin cire yanar ake yi ɗungurungum ba a sa komai a madadinta. Ya dawo da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, da zare ɗaure a bayan kunne. Da shi ya ci gaba da karanta Alƙur'aninsa har ya rasu. Yawancin mutanenmu haka suka yi da mishan. Waɗanda suka karɓi addinin sun fi yawa cikin Maguzawa da marayu da tsofaffin majiyyatan sansani, kuma zuriyarsu suna nan cikin cocin ECWA, wadda aka kafa a 1954, Hausawa ne kamar kowa.

Abin da ya karya ƙashin bayan kuturta ƙwaya ce mai araha, dafson, wadda aka gwada shanta a Uzuakoli a ƙasar Ibo a ƙarshen shekarun 1940. Da ta zo, ba sai an tsare mutum a sansani ba. Aka buɗe ƙananan wuraren ba da magani a ƙauyuka, wani lokaci gindin bishiya ne kawai da tebur da littafin rajista. Waɗanda suka riƙe su malaman asibiti ne 'yan ƙasa, wasunsu tsofaffin majiyyata da suka koyi karatu a sansani, suna bin ƙauyuka a kan keke ranar kasuwa. Sunayen Turawa ne ke cikin littattafai, amma ƙafar waɗannan mutane ce ta kai magani inda ake bukatarsa. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓe yawancin asibitocin mishan na Arewa. A farkon shekarun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da haɗin magunguna uku, daga 1995 kuma aka riƙa ba da shi kyauta. Lokacin da nake aiki a ƙananan asibitocin ƙasar Maigatari, nakan miƙa wa mutum katin waɗannan ƙwayoyi na wata guda, in duba tabon da ke bayansa da auduga ko yana ji, in tuna cewa kakansa da irin wannan tabo sai ya bar gida shekaru.

Yau salon ya sauya. Likita a Amurka ko Ostireliya zai ɗauki hutun mako biyu ko wata guda, cocinsu ta tara masa kuɗin jirgi, ya zo ya yi aiki ya koma. Ba na kushe su a dunƙule. Galmi har yanzu tana karɓar irinsu, kuma a can abin yana da ma'ana, don akwai asibiti tsayayye da ma'aikata na dindindin, baƙo yana zuwa ne ya riƙe wa wani wuri ya huta, ko ya koyar da abin da ya ƙware a kai. Ba Kiristoci kaɗai ke yi ba ma, ƙungiyoyin Larabawa suna kawo nasu zangon aikin ido kyauta, kuma ma'auni ɗaya nake auna su duka.

Wanda ke ba ni tsoro shi ne zuwan da ba shi da gindi. Na taɓa taya wata tawaga aiki a wani gari na kan iyaka ranar Alhamis, mutane sun cika har daga Nijar. Baƙin suna da kirki, suna da kwalaye na magani, ba mai jin Hausa ko ɗaya. Aka auna wata tsohuwa aka ga jininta ya hau sosai, aka ba ta ƙwayar wata ɗaya ta irin da ba a sayarwa a kemis ɗinmu. Ta juyo gare ni.

"Ɗana, in ya ƙare fa?"

Na rubuta mata sunan wanda za ta samu a Gumel, a bayan kwalin. Ko ta saya, ko wani ya sake auna ta, ba wanda ya ajiye rajistar da za a duba. Hawan jini da ciwon suga da hawan ruwan ido ba sa warkewa a mako biyu, kuma su ne suka fi yawa a layin.

Tsofaffin wuraren kuwa sun sami sabon aiki da kutare suka ragu. Babbar Ruga ta zama cibiyar gyaran yoyon fitsari bayan likita Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan da ya zo aikin kuturta a shekarun 1980, ya ga matan da ke zuwa ya juya ga aikinsu. Danja, kusa da Maraɗi, ta buɗe nata sashen yoyon fitsari a 2012. A Galmi kuma yanzu ana horar da likitocin tiyata 'yan Afirka na tsawon shekara biyar, kuma wasu daga cikin baƙin da ke zuwa na ɗan lokaci su suke zuwa koyarwa.