Daga Mazari zuwa Ƙarafan Saƙa

Idan hunturu ya sauka a Kankiya da Kusada, ba a rasa gidan da za a iske mace zaune da dunƙulen ulu a cinya, tana saƙa hular jariri, ko safa, ko mayafin wuya mai ratsi-ratsi. Takan yi layi biyu, tukunya ta tafaso, ta ajiye. Ta dawo ta ƙara uku, yaro ya farka. Saƙar ƙarfe baƙuwa ce a ƙasar Katsina, shekarunta ba su kai na rini ko na jima ba. Sai dai gurbin da ta zauna a cikin yinin mace tsoho ne, domin nan ne mazari ya zauna shekaru aru-aru.

A tsarin da, audugar da aka tsinko daga gona hannun mata take fara shiga. Su ke gurza ta a kan magurji su raba ta da angurya, su shiɓe ta da baka, sannan su kaɗa, suna shafa alli a yatsa. Zare mai ƙarfi na tsaye ne, abawa mai kauri ta kwance. Daga nan sai masaƙa maza su mayar da shi ƙyallaye masu faɗin 'yan yatsu, a haɗa su a sami zane ko riga. Lokacin da Heinrich Barth ya ratsa Katsina zuwa Kano a 1851, ya yi mamakin yadda tufar wannan ƙasa ke kaiwa har Timbuktu. Ƙasaitar da ya gani a kasuwa a tsakar gida ta faro, tsakanin daka da girki da reno.

Abin da ya sa kaɗi ya zama na mata shi ne yana jure katsewa. Mai rini ba ya barin tufa a karofi ya tafi sabgarsa, amma mazari ana jingine shi a taskira a dawo a same shi yadda aka bar shi. Kuɗin zaren kuma na mai kaɗin ne, ba na maigida ba. Da shi ake zubin adashi, a yi biki, a tara wa 'ya kayan ɗaki. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa a 1967, ta nuna yadda irin wannan ciniki na bayan katanga yake da girma, alhali mai leƙa kasuwa kaɗai ba zai gan shi ba.

Abubuwa biyu suka kwance wannan tsari. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka shiga sayen auduga ɗanya suna shigo da yadi. Bayan haka masaƙun zamani suka buɗe, Kaduna a 1957, daga baya Funtuwa. Zaren inji ya fi arha, ya fi daidaito, sai masaƙin ƙauye ma ya koma kansa. Mazari bai ɓace rana ɗaya ba, hannun tsofaffi ya koma.

Ana cikin haka wata saƙar ta shigo ta ƙofar makaranta. A 1930, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, aka buɗe makarantar 'yan mata a Katsina, kuma karatun mata na wancan lokaci ya karkata ne ga ɗinki, tsabta da kula da gida. Turawa sun ɗauke shi horon matar aure tagari. Matan kuwa sana'a suka hango. Wadda ta koya a aji ta koya wa maƙwabciya, kwarashi da ƙarafa suka bazu zuwa garuruwan da ke kan hanyar Katsina zuwa Kano. Shirin Maryam Babangida na kyautata rayuwar matan karkara, wanda aka fara a 1987, ya ƙara yaɗa cibiyoyin koyon sana'a, inda injin saƙa ya sami wurin zama.

Ratsin kansa ya sauya ma'ana. A masaƙar gargajiya, ratsin tsaye tun wajen wadari ake yanke shi: an jera baƙi da fari, ko an sa jan alharini, ba sauran canji. A saƙar ƙarfe kuwa ana sauya launi ne a ƙarshen layi, duk lokacin da aka ga dama. Shi ya sa mayafi mai ratsi ya dace da gidan da ake sayen ulu ɗaya-ɗaya: ragowar shuɗin hula da ragowar jan safa su haɗu a abu guda, faɗin kowane ratsi gwargwadon abin da ya rage.

Yanzu abokin karawar ba yadin Ingila ba ne, rigar sanyi ce ta gwanjo da kayan Sin, waɗanda sau da yawa kuɗinsu bai kai na ulun kaɗai ba. Inda saƙar hannu ta fi riƙe kasuwa shi ne kayan jarirai na barka da suna, domin a nan mai saye yakan zaɓi launi, ya kuma san wadda ta saƙa.