Mamari: Daga Zaren Rama Zuwa Nailan

A gidan Sarkawa ba a fara koya wa yaro su a cikin ruwa. A tudu ake farawa, a zaunar da shi gaban tulin ƙugiyoyi ya yi ta ɗauri, babba ya fizga, in ƙullin ya zame a ce sake.

Mu Sarkawa tushenmu na komawa ga Sorko, masuntan daular Songhai da suka gangaro kogin Kwara, suka zauna a ƙasashen Kabi da Yawuri har Hausa ta zama harshensu. A wancan zamani komai na gida ne. Maƙeri ke lanƙwasa ƙugiya, ya ƙera zago. Zare kuwa na rama ne ko na auduga, a murza a cinya, a jiƙa shi da ruwan ɓawon itace don ya jure. Duk da haka ruɓewa yake yi, shi ya sa rabin aikin masunci shanya ne da gyara.

Mamari shi ne gwanintarmu. Doguwar igiya ce da ake rataya mata ɗaruruwan ƙugiyoyi kusa da juna, babu ko ɗigon abinci a kansu. A shimfiɗa ta dab da ƙasan ruwa, tarwaɗa ko kurungu ya zo wucewa, ɗaya ta kama shi a ciki, yana fizga sauran su rufe shi. Sirrin na cikin tazara da kaifi. In ƙugiyoyin suka yi nisa kifi ya ratsa, in suka matsu suka sarƙe, ka wuni kana warwara. Mutanen Yorkshire a Ingila sun bi wata hanya dabam: su ɗaura gashin makwarwa da zaren siliki a ƙugiya guda ta yi kama da ƙwaro, har wani mai suna T. E. Pritt ya yi littafi a kai a 1885. Su yaudarar kifi suke yi, mu tare masa hanya muke yi, amma dukkanmu ƙulli ne jarinmu.

Abin da ya juya sana'ar shi ne nailan, wanda ya bazu a shekarun 1950 da 1960, tare da ƙugiyar kwali irin ta kamfanin Mustad na Norway. Maƙeri ya rasa ciniki, masu murza zare suka watse, kuma duk mai kuɗi ya iya zama masunci ba tare da gado ba. Sai madatsar Kainji ta zo a 1968, fari ya biyo baya a 1973, Tafkin Chadi ya ja da baya, mutanenmu suka bi ruwan zuwa Doron Baga da Darak. A can aka ga gura, tarkon da masuntan Mali suka kawo, ana jera shi ya zama dumba, a datse mashigar ruwa kaf. A Kainji kuwa ragar dala ta kwashe warangi da 'ya'yan manyan kifaye har sai da aka haramta ta.

Ni a ganina nailan bai yi laifi ba, ya hutar da mu daga wahala. Laifin na ƙanƙancin idon raga ne, da mutuwar maganar Sarkin Ruwa. Argungu ta riƙe al'adarta: tun bikin kamun kifi na 1934 da aka yi wa Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, homa da gora ake shiga kogin Matan Fada da su, UNESCO ma ta amince da bikin a 2016. Amma bikin shekara ba ya ciyar da gida.

Saboda haka 'yan'uwa na Titin Koudoukou a Bangui, ku da kogin Ubangi ke kusa da ku, in kun je sayen banda ku duba girman kifin. Wanda bai kai tafin hannu ba, ku bar wa mai shi kayansa.