Annobar Korona da Kasuwar Talata Mafara

Sunan Talata Mafara kansa shaida ne cewa kasuwa ce jigon garin, gama ran Talata take ci. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, a nan shinkafa da tumatir na manoman rani daga Bakura da Maradun suke gamuwa da fatake.

Saboda haka, da annobar korona ta ɓulla a Legas ran 27 ga Fabrairu, 2020, har Gwamnatin Tarayya ta hana zirga-zirga tsakanin jihohi a watan Mayu, sai gardama ta kaure. Masu neman a tsananta suna da hujja: cutar ta yi ɓarna a Kano, ga asibitocin karkara ba kayan aiki. Manomi kuwa wani lissafi yake yi. Lalle doka ta keɓe motocin abinci, sai dai masu tsaron shingaye ba su cika lura da wannan ba, tumatir kuma ba ya jiran a gama shawara. Ga azumi, ga damina ta ƙarato, kuɗin taki kuwa a kasuwa ake samunsa. Ba a buɗe hanyoyi ba sai ran 1 ga Yuli, sa'ad da shuka ta riga ta kankama.