Nisan Janaina da Bur Sudan a Mizanin Tarihi



Batun da za mu duba yau shi ne tazarar da ke tsakanin filayen jirgin sama guda biyu na ƙasar Sudan, watau na Janaina da ke ƙuryar yamma, dab da iyakar Cadi, da na Bur Sudan da ke gaɓar Bahar Maliya. Idan aka ja layi miƙe a taswira, tsakaninsu kimanin kilomita 1,700 ne, tafiyar da jirgin sama na zamani zai yi cikin ƙasa da awa 3. Amma taswira ba ta ƙishirwa, ba ta kuma gamuwa da 'yan fashi. Saboda haka sai mu tambayi waɗanda suka taka hanyar.

Kakanninmu mahajjata sun san ta sarai, domin ta Darfur suke shiga Sudan, su ratsa Kurdufan, su ƙetare Nilu, kana su sauka Sawakin su jira jirgin ruwan Jidda. Mutum yakan yi shekaru a wannan tsakani, yana tafe yana ƙodago, in guzuri ya ƙare ya yada zango ya yi noma. Da yawa ba su ƙarasa ba, da yawa kuma ba su komo ba. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, wanda jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, shaida ne a kan haka.

Abin da ya fara rage nisan shi ne jirgin ƙasa. Amma lura da yadda ya yi: dogo ya isa Ubayyid tun 1912, bai kai Niyala ta Darfur ba sai 1959, Janaina kuwa bai taɓa isa gare ta ba. Turawan mulki sun shimfiɗa shi ne inda auduga da ƙaro suke, aka bar yamma da raƙumi da motar lori, wadda damina kan tsayar da ita makonni.

Jirgin sama ne ya tsallake wannan giɓi. A 1925 jiragen sojan Ingila 3 suka taso daga Masar, suka ratsa Sudan, suka sauka Kano. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe zirga-zirga daga Hartum zuwa Kano, yana yada zango a Ubayyid da Fashir da Janaina. Daga 1940 kuma, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, dubban jiragen yaƙi da aka harhaɗa a Takoradi suka bi ta Kano da Maiduguri da Janaina zuwa Masar. Ƙaramin filin nan na bakin iyaka ya zama zango a babbar hanyar duniya.

To, sai ga shekarar 2023. Yaƙi ya ɓarke tsakanin sojan gwamnati da rundunar RSF, gwamnati ta koma Bur Sudan, Janaina ta faɗa hannun abokan gabarta, dubban mutanenta suka tsere Cadi da ƙafa, suna bin hanyar mahajjata a juye. Filayen biyu ba su gusa ko taku ɗaya ba, amma tafiyar awa 3 ta gagara.

Ku da za ku riƙe ofisoshin gwamnati gobe, ku riƙa tuna wannan duk lokacin da aka shimfiɗa muku taswira. Injiniya yana iya gina fili, amma zaman lafiya da adalcin rabon ayyuka su ne ke kusantar da gari da gari.