Shirun Rediyo

Mai karatu, in ka taɓa zama da tsofaffinmu na Kakuri ko Makera, ka san akwai shirun da ba sa so, wato a ce ana cikin sauraren rediyo sai kawai ta ɗauke ɗif. Mu yara dariya muke yi, amma kakata sai ta ajiye abin da ke hannunta ta hau salati. Na daɗe ina ɗaukar abin tsufa ne, sai da na girma na gane tarihi ne ya koya mata.

Gidan Rediyon Kaduna dai a 1962 aka buɗe shi, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, da sunan BCNN, kafin ya koma ƙarƙashin Rediyon Tarayya a 1978. Ma'aikatan masaƙun Kakuri da shi suke tashi da shi suke kwana, ga Zaɓi Sonka, ga Jakar Magori, ga Samanja yana ta ɓarin Hausar barikin soja. To a wannan gida ne, ranar 15 ga Janairu 1966, cikin watan azumi, Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu ya yi shelar soja sun karɓi mulki, bayan an kashe Sardauna a gidansa da daren. Ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976 kuma Dimka ya yi tasa a rediyon Legas, aka wayi gari babu Janar Murtala. Sai ta Gideon Orkar, 22 ga Afrilu 1990, wanda har ya ce ya fitar da Sakkwato da Kano da Katsina da Borno da Bauchi daga Nijeriya. Duk salon kusan ɗaya ne, shiri ya katse, a ji badujala, sannan wata baƙuwar murya. Wanda ya ga haka sau uku, ai dole gabansa ya faɗi in akwati ta yi tsit.

Alhali sau da yawa abin bai kai nan ba. Mai magana yana ɗakin shiri cikin gari, injin da ke cilla muryarsa kuwa yana can wani wuri, kamar na Rediyon Kaduna da aka girke a Jaji kan hanyar Zariya. Ko'ina a cikin biyun aka ɗauke wuta, sai an jira janareto ya tashi, in da mai a cikinsa ke nan. Ga tsawa da damina, ga kayan gyara da sai an yo odarsu daga Turai. Tun NEPA ta 1972, har aka sauya mata suna a 2005, wannan ciwo bai warke ba. Ita rediyon gida da batir take aiki, saboda haka kana riƙe da lafiyayyar akwati, gidan ne ya mutu.

Ni wanda ba na mantawa shi ne na rikicin Fabrairun 2000. An sa dokar hana fita, gada ta gagara hayewa, babanmu kuwa yana can tsallaken kogi, ba waya ba labari. Muna kewaye da rediyo muna jiran sanarwar gwamnati, sai tashar da muke kamawa ta ɗauke. Wallahi har yau ina jin shuuu ɗin nan a kunnena. Innarmu ta murɗa ta murɗa, ta cire batir ta lasa ta mayar, maƙwabciyarmu Maman Grace ta leƙo ta katanga tana tambaya ko tamu na yi. Wani tsoho ya ce ai an kama gidan rediyon, nan take mata suka fara ɗaure kaya a zani, ba wadda ta san inda za ta nufa.

Can bayan kamar rabin awa sai muka ji tari, mai gabatarwa ya dawo yana ba da haƙuri, wai matsalar na'ura ce. Kakata ta dubi akwatin ta ce, "Kai dai Allah ya shirye ka," sannan ta kwance ƙunshinta ta fito da tukunya. Babanmu sai bayan kwana uku ya dawo, a ƙafa.