Ɗan Fallen Azurfar da ya Kwashe Zinariyar Japan

Wanda duk ya taɓa riƙe tsohon kuɗin Japan da ake kira ichibu-gin, siffarsa ce za ta fara ba shi mamaki. Ɗan falle ne na azurfa mai kusurwa huɗu, bai wuce gaɓar ɗan yatsa ba, an kuwa fara buga shi a 1837. A ganinmu, mai tara tsofaffin kuɗi da bai san labarin wannan falle ba, ƙarfe kawai yake ajiyewa.

Ga yadda abin ya faru. A ƙa'idar gwamnatin Shogun, ichibu huɗu ke yin koban guda na zinariya, ba don azurfar cikinsu ta kai ba, sai don hukuma ta ce haka. Da wakilin Amurka, Townsend Harris, ya ƙulla yarjejeniyar ciniki ta 1858, sai aka tsaya a kan canjin kuɗi nauyi da nauyi, wato dalar Meziko guda a bakin ichibu uku. Ana buɗe tashar Yokohama a 1859, fataken waje suka gano ƙofa. Dala huɗu ta sayi ichibu 12, su kuma a canza su da koban uku, a fita da su waje a sayar kusan dala 12. Riɓi uku ke nan, ba tare da an sauke ko ƙunshin kaya ba! Dole a 1860 hukuma ta rage zinariyar koban ƙwarai, farashin kaya kuma ya tashi.

Gwamnatin Meiji ba ta manta ba. Ta sayo injunan gidan buga kuɗi na Hongkong da aka rufe, ta kafa su a Osaka, a 1871 kuma ta kafa dokar yen, mai sen ɗari. Yen na azurfa kewayayye ne, giram 26.96, kashi 90 cikin ɗari azurfa, kusan tagwayen dalar Meziko, da zanen dodon maciji a jikinsa.

A 1897 Japan ta koma ma'aunin zinariya da taimakon diyyar yaƙin da Sin ta biya ta. Sai aka buga wa tsofaffin yen ɗan hatimi mai ma'anar "azurfa", aka tura su irin su Taiwan. Masu tarawa kan duba inda hatimin yake: hagu na Osaka ne, dama na Tokyo.